Ranar da Na Auna Harbin Baba

Shekaru sun goge mini abubuwa da yawa, kamar yadda ruwan sama ke wanke rubutun gawayi a jikin bango. Na manta fuskokin wasu da muka zauna benci ɗaya a makaranta, na manta waƙoƙin da na yi ta rubutawa a bayan littattafaina. Amma makon da mahaifina ya sa ni rubuta masa takardar ajiye aiki, wannan kam har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da shi ba.

A cikin birnin Zariya gidanmu yake, kusa da Ƙofar Kuyambana. Abin ya faru ne da damina, a ƙarshen shekarun tamanin, na gama sakandare ina zaman jiran sakamako. Ni yarinya ce mai yawan shiru. Sai in zauna gindin dalbejiyar tsakar gidanmu ina kallon gajimare har tuwo ya kama a tukunya, Inna ta yi ta faɗa. Lissafi na iya shi daidai gwargwado, amma ba shi ne abin sona ba.

Baba tsohon soja ne, da muƙamin saje ya yi ritaya. Kusan shekara talatin ya yi yana koya wa kurata harbi. Bayan ya bar soja sai wata ƙungiyar wasan harbi ta ɗauke shi yana horar da matasanta, kowace Asabar da safe, a wani tsohon filin harbi da ke bayan gari. Ba abin da ake ba shi ne ya riƙe shi a wurin ba. Ranar Asabar ce kaɗai nake ganin Baba ya tashi da kuzari irin na saurayi, ya goge takalminsa, ya buga babur ɗinsa tun kafin rana ta fito sosai. Sauran kwanakin mako a zaure yake yin su, tsakanin masallaci da rediyo.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Wataƙila shi ya sa yake yi mini hirar da ba ya yi wa kowa. Tun ina ƙarama yakan hau da ni kan abin da ya rage na ganuwa bayan la'asar, ya ce in miƙe hannu in rufe ido ɗaya, in ɗora babban yatsana a kan wani rimi da ke can nesa. Sai in ga yatsana ya rufe rimin ɗungurungum. Ya ce in juyo da shi kan akuyar da ke kiwo a ƙasanmu, sai in ga ko rabinta bai rufe ba. A nan ya fara gaya mini cewa bindiga ba ta san inci ba, ba ta san taku ba, kusurwa kawai ta sani, ita kuwa kusurwa daɗa buɗewa take yi gwargwadon nisan da ta yi.

Da na girma kaɗan ya ƙara mini bayani. Ya ce an raba da'ira gida ɗari uku da sittin, kowane gida digiri ɗaya, wannan kuwa na riga na sani daga makaranta. Kowane digiri kuma an sake raba shi gida sittin, kowanne ana ce masa minti, ko da yake ba ruwansa da agogo. Minti ɗaya in ya yi tafiyar yadi ɗari, buɗewarsa inci ɗaya ce. Madubin hangen nesa da ake ɗaurawa a kan bindiga yana da 'yan maɓallai biyu da ake murzawa, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na hagu da dama. Kowace murzawa takan yi ƙara, ƙas, kowane ƙas kuma rubu'in minti ne. Ƙas huɗu, inci ɗaya a yadi ɗari. Wannan lissafi ya zauna a yatsun Baba kamar jan carbi.

Abin da aka san shi da shi, gyara ɗaya yake yi. Ya harba harsashi uku ya je ya duba inda suka faɗa a jikin takarda, ya auna nisansu da baƙin da ke tsakiya, ya dawo ya murza, ya sake harba uku. Na biyun nan a cikin baƙi suke kwana. Yana kuma da wata doka da duk wanda ya bi ta hannunsa ya haddace: bindiga ba ta ƙarya, in ka kuskure kai ne ka kuskure. Ya ce ya gaji da jin kurtu yana ɗora laifi a kan ƙarfe, shi ya sa ya kafa ta, kuma ya fara kafa ta a kan kansa.

A wannan daminar aka kawo wa ƙungiyar sabuwar bindiga daga Turai da madubinta, don shirin wata gasa. Harsashinta ba yawa, shida kawai ake ba Baba kowace Asabar ya gwada wa ɗalibai. Bayan an tashi akan kwance madubin a mai da shi akwati, don haka kowane mako sai an sake saita shi daga farko. Asabar ta farko ya dawo bai ci abincin rana ba. Ta biyu ya dawo ya shige ɗaki. Ta uku, bayan la'asar, ya kira ni zaure.

"Uwata, kawo takarda da biro. Turanci za ki rubuta mini."

Na kawo na durƙusa. Ya faɗa da Hausa ina mayarwa: yana godiya ga shugabannin ƙungiya, ganinsa ya yi rauni, ba zai ci amanar yaran mutane ba, a nemi wani. Muryarsa ba ta ko girgiza ba. Ya ce in gyara ta in sake kwafe ta da kyau, Asabar mai zuwa zai miƙa wa sakatare. Da na ɗago kai na ga yana kallon ƙofar zaure, inda babur ɗin ke jingine.

Daga baya Inna ta gaya mini sauran. Sau uku ke nan yana yin gyaransa a gaban ɗalibai, harsasan na biyu suna faɗawa wajen baƙi. Ba wanda ya yi dariya, amma shirun da suka yi ya fi dariya ciwo. Ga shi kuma an daɗe yana nisanta Alƙur'ani da fuskarsa in zai karanta, wani amininsa kuma yanar ido ta rufe masa gani a bara. Amsa tana nan a ajiye a zuciyarsa tun kafin tambayar ta zo. Na ce wa Inna ko za ta ba shi baki. Ta ce in rubuta abin da aka sa ni, ta san mijinta, in ya yanke ya yanke.

Na kwafe takardar a ranar Lahadi, na kai ɗakinsa zan ajiye a kan akwatinsa na ƙarfe. A nan na ga takardun harbin guda uku a naɗe, ya tura su bayan akwatin. Ban san abin da ya sa na ɗauko su ba. Ina jin so nake in ga abin da ya karya mahaifina da idona.

Na shimfiɗa su a tabarma gindin dalbejiya, na danne kusurwoyinsu da duwatsu. Kowace takarda tana da ramuka shida, uku a nan, uku a can. A bayan kowacce Baba ya rubuta da fensir, da ajami, yawan ƙas ɗin da ya murza: talatin da biyu, ashirin da huɗu, goma sha shida. Na daɗe ina kallo ba tare da tunanin komai ba, irin kallon da nake yi wa gajimare. Abin da ya fara zo mini shi ne ramukan suna da kyau. Kowane uku a haɗe suke kamar duwatsun murhu, a wata takardar har biyu sun taɓa juna. Sai na tambayi kaina, mutumin da ba ya gani sosai, yaya zai jera harsashi uku a wurin da kwabo ɗaya zai rufe, daga nisan yadi ɗari, har sau shida?

Sannan na lura da abu na biyu. A duka takardun, ramukan na biyu tsallake baƙin suka yi. In na farko suna hagu, na biyu sun wuce dama. In suna ƙasa, na biyu sun haura sama. Ba a taɓa samun wanda ya gaza kaiwa ba.

Na shiga ɗaki na ɗauko rular makarantata. Gefe ɗaya inci ne, ɗaya gefen santimita. Na fara da inci, tunda da shi Baba ke magana. A takardar da ya murza goma sha shida, inci huɗu yake nema, amma harsasan sun matsa kusan shida. Inda yake neman takwas sun matsa goma sha ɗaya da rabi. Duk incin da ya nema, kusan ɗaya da rabi ake ba shi. Na rubuta a tafin hannuna, ban gane dalili ba. Mu 'yan zamaninmu da mita aka koyar da mu, incin nan wahala yake ba ni, don haka na juya rular don in sami sauƙi. Goma sha shida: santimita goma sha huɗu da rabi. Ashirin da huɗu: ashirin da biyu. Talatin da biyu: ashirin da tara da ɗan kai. Sai na gane. Kowane ƙas kusan santimita ɗaya ne, ya gaza da kaɗan. Yadi ɗari kuwa ai bai kai mita ɗari ba, ya gaza da kaɗan.

Na zauna da abin nan kwana biyu ban san yadda zan yi da shi ba. A gidanmu 'ya ba ta gyara wa uba magana, balle a kan sana'ar da ya fara tun kafin a haife ta. Kuma in na ce madubin ne, na taɓa dokarsa. Inna na samu a madafa na nuna mata lambobin da na samu. Ba ta fahimci lissafin ba, amma ta fahimci fuskata. Ta ce in bari sai ya ci ya ƙoshi, in tabbatar ba baƙo a zaure, kuma kada in je da bayani, in je da tambaya.

Ranar Laraba bayan azahar yana zaune a tsakar gida, Inna na tankaɗe daga gefe, na zo da takardun na durƙusa. Da ya gan su fuskarsa ta canza.

"Baba, wani abu nake so ka koya mini. In idon maharbi ya lalace, yaya harbinsa yake zama a takarda?"

Ya ce watsewa yake yi, kamar an watsa wa kaji tsaba.

Na tura takardar gabansa a hankali. Ya ɗauka, ya nisanta ta da fuskarsa, ya daɗe yana dubawa. Sai na ɗora rular a kai, na faɗi lambobin ɗaya bayan ɗaya, murya ƙasa-ƙasa, kamar ina biya karatu. Da na gama ya ajiye takardar.

"Uwata, so kike ki ce bindiga ta yi ƙarya?"

"A'a Baba. Ina ganin gaskiya take faɗi. Sai dai ban sani ba ko da ma'auninka take awo."

Inna ba ta daina tankaɗe ba ta sa baki. "Malam, wanda ya saba awo da mudu, in aka miƙo masa tiya bai lura ba, ai tuwo zai yi yawa. Ba hannunsa ne ya lalace ba."

Baba ya dube ta, ya dube ni. Ya ce maharbi shekara talatin, yau mata biyu sun zaunar da shi aji. Bai yi murmushi ba, amma bai tashi ba. Can ya ce ya ji, sai dai shi ba ya karɓar magana sai takarda ta shaida. Asabar in shirya mu tafi tare. Takardar ajiye aikin kuma in kawo ya sa hannu, za ta kasance a aljihunsa. In ya sake kuskurewa, a nan take zai miƙa ta.

A daren Juma'a an yi ruwa, safiyar Asabar ta wayi gari da sanyi mai daɗi. Na hau bayan babur a karkace na riƙe gyalena, muka fita ta ƙofa muka bi tsakanin gonakin dawa. Ban taɓa zuwa filin ba. Fili ne shimfiɗaɗɗe mai ciyawa, da tudun jar ƙasa a ƙarshensa, da wani ɗan ɗakin bulo mai ƙofar ƙarfe inda ake ajiye bindigogi. Mai kula da ɗakin tsohon kofur ne, mutumin Wusasa, tun suna kurata suke tare da Baba. Da ya gan ni ya riƙe haɓa.

"Saje, yau da lauya ka zo?"

"Da alƙali dai," in ji Baba. "Fito mata da madubin nan."

Kofur ya kawo akwatin ya buɗe. A jikin maɓallin akwai wani rubutu mai ƙananan haruffa ƙwarai, kamar sawun tururuwa. Su biyun sun sha murza maɓallin nan, ba wanda ya taɓa karanta shi, don a ganinsu madubi madubi ne. Na kai shi haske na karanta musu: ƙas ɗaya, santimita ɗaya a mita ɗari. A ƙasan akwatin akwai 'yar takardar bayani da ba a ko buɗe ba, a ciki aka ce kowane ƙas kashi ɗaya ne cikin goma na mil. Na ce wannan kalma ban gane ta ba. Kofur ya buga cinya ya ce ai shi ya san ta, ba mil na tafiyar hanya ba ne, ma'aunin 'yan igwa ne. Su ba sa raba da'ira ɗari uku da sittin, gida dubu shida da 'yan kai suke raba ta, yadda mil ɗaya zai buɗe mita ɗaya a nisan mita dubu. Ya ce wa zai taɓa zaton za a sa lissafin igwa a kan bindigar wasa. Baba ya yi ta juya madubin a hannunsa.

Kofur ya ce a gwada yanzu kafin yara su zo, in ya so ya san yadda zai yi da lissafin harsashi. Baba ya ƙi. Ya ce a gaban waɗanda suka ga kuskurensa zai harba.

Ɗalibai suka taru, su kamar goma sha biyu, da sakataren ƙungiya riƙe da fayil. Suka yi ta satar kallona, na koma bayan Kofur na tsaya. Baba ya shimfiɗa buhu ya kwanta rub da ciki, ya kafa gwiwar hannu. Ban taɓa ganin mutum ya natsu haka ba in ba a salla ba. Ya harba uku, tsakanin kowanne da ɗan jinkiri. Balbelu suka tashi daga bayan tudu suka sake sauka.

Muka taka zuwa takardar, raɓa na jiƙa mini zane. Ramuka uku a haɗe, inci shida ƙasa da baƙi. A lissafin Baba ashirin da huɗu ke nan. Ya juyo ya dube ni, a gaban kowa. Na ɗora rula, na yi rabawa a bayan 'yar takardar bayanin. Na sake yi don in tabbata.

"Goma sha bakwai, Baba."

Muka dawo. Ya tsuguna ya kama maɓallin, leɓensa na motsi. Filin ya yi tsit har ina jin ƙarar daga inda nake. Na bi shi da ƙirga a zuci. Da ya kai goma sha bakwai yatsunsa ba su saki ba. Na ga yadda suke so su ci gaba, shekara talatin suna jan su zuwa ashirin da huɗu. A wannan ɗan lokacin tsoro ya kama ni sosai, ba don kada ya wuce ba, sai don kada ya tsaya a kan maganata ya zamana ni ce na yi kuskure. Ya ɗan daɗe a haka. Sannan ya ɗauke hannunsa, ya goge shi a wando, ya kwanta.

Wannan karon ɗalibai suka riga mu isa. Ba su yi ihu ba, sun san halin malaminsu, sai dai suka ja gefe suka ba shi hanya. Ramukan uku suna cikin baƙi, sai an matsa kusa ake ganinsu. Kofur ya ce Saje ya biya lauya. Baba ya sa ɗan yatsa ya taɓa su ɗaya bayan ɗaya, ya ce alhamdu lillahi a hankali.

Sai ya tara ɗaliban ya gaya musu komai, bai rage ba. Ya ce mako uku yana ƙirga minti a kan madubin da ke ƙirga mil, kuma ya kusa barin aiki saboda bai karanta layi ɗaya ba. Dokarsa tana nan, bindiga ba ta ƙarya. Amma daga yau duk wanda aka miƙa wa madubi, kafin ya taɓa kunamar bindiga, ya fara tambayar da me take awo. A hanyar komawa ya tsaya a Tudun Wada aka gwada masa tabarau na karatu, abin da Inna ta yi shekara biyu tana roƙonsa.

Ya ƙara shekara uku a wannan aiki, kuma ina jin su ne mafi daɗi a tsufansa. Wata Asabar, a lokacin na fara koyarwa a makaranta, ya dawo ya kira ni zaure ya shimfiɗa mini takarda. Ramuka shida, kowanne ya kama gabansa. Ya ce in duba masa da kyau. Na duba ta kowane gefe, ina neman ko da wata 'yar alama da zan riƙe, ban samu ba. Na gaya masa gaskiya. Ya gyaɗa kai, ya ce shi ma haka ya gani, amma ya fi son ya ji daga bakin wanda ya auna. A ranar na rubuta masa takarda ta biyu, ya sa hannu, ya ci abincinsa har ya nemi ƙari.

Abin da na koya ke nan, kuma na yi ta amfani da shi a kaina da kuma yaran da na koyar. Mutumin kirki yakan yi saurin ɗaukar laifi ya ɗora wa kansa, wannan hali ne mai kyau, amma shi ma yana iya zalunci. Kafin ka yanke wa kanka hukuncin cewa ka ƙare, zauna ka duba ma'aunin da ka auna kanka da shi. In ka duba ka ga daidai yake, za ka karɓi hukuncin da kwanciyar rai, kamar yadda na ga mahaifina ya karɓa.